DARASIN WATA: WAKE, ABINCIN GIDA KUMA ABINCIN GONA

Darasinmu na wannan wata a kan wake ne. A karanta shi a aji, sannan a karanta wa mutanen gida.

Kowa ya san lokacin da ya fi tsanani a ƙauye. Shi ne tsakiyar damina, daga watan Yuli zuwa Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga aikin gona ya yi yawa. A wannan lokaci ne yara suke ramewa. A lokacin ne kuma maigida yake cin bashin hatsi, ya biya da tsada idan kaka ta yi. Wake yana iya rage wannan wahala, idan an noma shi da kyau, an kuma adana shi da kyau.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Jamhuriyar Nijar ce take bi mata. Amma gidaje da yawa suna sayar da wakensu duka da kaka, su koma saye da tsada da bazara.

Abin da wake yake yi wa jiki

Gero da dawa da masara suna ba mutum ƙarfin aiki. Amma ba su isa su gina jikin yaro su kaɗai ba. Jiki yana bukatar abinci mai gina jiki, irin su nama da kifi da ƙwai da madara. Waɗannan suna da tsada. Wake kuwa muna noma shi da hannunmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne. Shi ya sa ake ce masa naman talaka.

Idan aka haɗa hatsi da wake a abinci ɗaya, kowanne yana cike gurbin ɗan uwansa. Ɗanwake da ƙosai da alala da wake da shinkafa duk abinci ne masu kyau. Ɗanyen ganyen wake ma ana miya da shi.

Abin da wake yake yi wa gona

Ka tuge wake ɗaya lokacin da ya fara fure, ka duba saiwarsa. Za ka ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ka fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to yana aiki. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna ɗauko wani sinadari daga iska su ba waken. Sunan sinadarin naitirojin. Shi ne wanda muke saye da kuɗi a cikin takin yuriya.

Saboda haka wake ba ya cinye ƙarfin ƙasa kamar dawa ko masara. Ganyensa da ya zube da saiwarsa da ta ruɓe suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yana rufe ƙasa, laima ta daɗe, ciyawa ta ragu. Harawarsa kuma abincin dabbobi ce da rani. Dabbobi su ci harawa, su ba da kashi, a kai kashin gona. Ta haka gona take ciyar da kanta.

Yadda za a shuka

Iyayenmu sun saba shuka wake jefi-jefi a ƙarƙashin gero ko dawa. Dabara ce mai kyau, amma inuwar hatsi takan danne waken, ya yi 'ya'ya kaɗan.

Cibiyar binciken noma ta IITA ta buɗe reshe a Kano a 1990. Masananta sun gwada wani tsari tare da manoma: kunya 2 na hatsi, kunya 4 na wake, haka har ƙarshen gona. Waken yana samun rana sosai. Feshi da roro ma sun fi sauƙi. Idan shekara ta zagayo, sai a sauya wuri. Inda wake ya zauna a sa hatsi.

Wake iri-iri ne. Akwai na gida, irin su kanannado, mai daɗewa kuma mai harawa da yawa. Akwai kuma mai saurin nuna, wanda yake yi cikin kwana 60 zuwa 70. Idan an shuka shi da wuri, yana ba da abinci kafin a girbe dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tana fitar da irin wake masu suna SAMPEA. A tambayi malamin gona wanda ya dace da ƙasar yankinku. Kada a yar da irin gida. A noma duka biyun, idan wannan bai yi ba wancan ya yi.

Ƙwari sun fi damun wake lokacin fure. A riƙa zagaya gona a wannan lokaci. Idan an ga wuta-wuta, a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙone ta a wajen gona.

Yadda za a adana

Nan ne manomi ya fi yin asara. Ƙwaron wake yana biyo shi tun daga gona. Macen tana yin ƙwai a jikin wake. Tsutsa ta fito, ta shige ciki, ta ci. Cikin kamar wata ɗaya ta zama ƙwaro, ta huda ta fito, ita ma ta yi nata ƙwai. Kafin 'yan watanni buhu ya zama gari.

Wasu suna zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a cikin wake. Wannan guba ce. Tana iya kwantar da gida guda, tana iya kisa. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Kada mu ba 'ya'yanmu abin da wasu suka ƙi saye.

Ƙwaro yana numfashi kamar mu. Idan aka hana shi iska, zai mutu. Ga hanyoyi uku:

1. Buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka ne suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. A duba ledar kada ta kasance da huda. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

2. Jarka ko duro mai murfi. A wanke, a bushe, a cika har baki, a rufe gam. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba fetur ko magani.

3. Toka. A tankaɗe toka mai sanyi, a gauraya mudu ɗaya na toka da mudu ɗaya na wake a tukunya, a rufe sama da toka. Wannan ya dace da ajiyar iri.

Kowace hanya aka bi, a shanya waken ya bushe ƙayau tukuna. A ciza ɗaya. Idan ya fashe da ƙara, ya bushe. Kada a buɗe buhu ko jarka sai an yi aƙalla wata biyu. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera da danshi.

Kunun yaro

Jariri nonon uwa kaɗai yake bukata har ya cika wata 6. Daga nan a ƙara masa kunu, a ci gaba da ba shi nono. Uwargida ta auna gero mudu 3, wake mudu 1, da gyaɗa kaɗan mai kyau, ba mai ruɓa ba. Ta jiƙa waken, ta cire ɓawo, ta shanya. Ta soya kowanne sama-sama, ta haɗa, a niƙa. Ta dama da kauri, ta bari ya dahu sosai. Kunu mai ruwa-ruwa yana cika ciki ne kawai.

Idan ƙafafun yaro suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko ya rame ƙwarai, alamar tamowa ce. A kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Maigida, kafin ka kai wake kasuwa, ka ware na gida da na iri tukuna. Abin da ya rage shi ne na sayarwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ce wa wake naman talaka?

2. Mene ne amfanin ƙulle-ƙullen saiwar wake?

3. Faɗi hanyoyi uku na adana wake ba tare da magani ba.

4. Manomi ya ajiye wake buhu 2. Kowane buhu yana cin tiya 40. Ya ware tiya 8 don iri. Gidansa yana cin tiya 2 a mako. Mako nawa waken zai kai su?

A rubuta amsa a littafi, a nuna wa malamin aji. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.