Kimanta Kayan Kiɗa Kafin A Yi Musu Inshora

Duk wanda ya saba shiga majami'un da ake sujada da Hausa a Apapa, Agege ko Idi-Araba ya san cewa, in an ɗebe ginin kansa, dukiya mafi tsada ita ce wadda take jere a gaban ƙungiyar mawaƙa: kibod, jita, ganguna, ƙahoni, amfilifaya da manyan lasifika. Yawancinsu da baikon shekara da shekaru aka saye su. Haka kuma akwai gidajen da kibod ɗaya yake ciyar da su, domin da shi ɗansu yake kiɗa a wuraren biki. Amma da wuya a sami ma'aji ko maigida da zai iya faɗin abin da kayan nan suka kai a kasuwar yau.

Mazauna Legas ba sa bukatar a tuna musu cewa asara takan zo ba sallama. A watan Fabrairu na 2002 rikicin Idi-Araba ya cinye rayuka da gidaje masu yawa, ruwan sama na ranar 10 ga Yuli, 2011 kuma ya shiga gidaje da shaguna a sassa da dama na birnin. Abin lura shi ne, inshorar gobara ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar tarzoma ko ta ambaliya, sai an nemi a ƙara su a cikin yarjejeniya, an kuma biya ƙarin kuɗi.

To, kafin a kai ga wannan duka, tambayar farko da kamfanin inshora zai yi ita ce: nawa ne darajar kayan? A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, gama sukan ɗauko tsohon rasit su kwafe abin da yake kai. Rasit shaidar mallaka ne, ba shaidar darajar yau ba. Kayan Yamaha, Roland da Korg daga ƙasashen waje suke shigowa, farashinsu kuwa dala yake bi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kibod ɗin da aka saya kafin wannan canji ba zai sayu da kuɗinsa na dā ba.

Illar rage daraja ta fi yadda ake zato. Akwai wani sharaɗi a yawancin yarjejeniyoyin inshorar dukiya wanda yake cewa, wanda ya yi wa kayansa inshora ƙasa da darajarsu, shi ya ɗauki nauyin ragowar. A misali, kayan wata ikkilisiya sun kai naira miliyan 6, amma miliyan 2 aka rubuta domin a rage kuɗin shekara. Gobara ta cinye kayan miliyan 3. Dattawa za su sa ran karɓar miliyan 2. Kamfani kuwa miliyan 1 zai biya, domin kashi ɗaya bisa uku na darajar kaɗai aka yi wa inshora. Ƙara farashi fiye da gaskiya ma ba ya kawo riba. Kamfani yakan aiko da mai binciken asara, ba ya kuma biyan abin da ya wuce ainihin abin da aka rasa. Wajibi ne kuma a tambaya tun farko ko da sabo za a maye kayan, ko kuwa za a cire tsufansu daga diyya, gama hanyoyin biyu sun bambanta ƙwarai.

Ga kayan da ba su da yawa, ya isa a karɓo rubutaccen farashi daga dillalai biyu ko uku masu shago tsayayye, irin na kasuwar Alaba da ke Ojo, a haɗa da hoton kowane abu, sunan kamfaninsa da lambar da aka buga a jikinsa. Lambar nan ita ce ke raba kibod ɗin mutum da dubban irinsa, musamman wanda aka saya na gwanjo ba tare da rasit ba. In kayan sun yi yawa, ko akwai fiyano ko babban ogan, gara a kira ƙwararren mai kimanta dukiya wanda yake da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa da dokar 1975. Kwafin takardun kada ya kwana a ɗaki ɗaya da kayan.

Kayan gargajiya sun fi wuyar sha'ani. Kalangu, shantu, kacau-kacau da tukunyar kiɗa ta zumuntar mata ba su da lamba, ba su da rasit. Darajarsu a idon kamfani ita ce kuɗin da maƙerinsu zai karɓa ya yi wani, haɗe da kuɗin kawo shi daga Arewa. Cewa wata uwa da ta riga mu gidan gaskiya ce ta ba da tukunyar, wannan ba ya shiga lissafi, ko da yake shi ne ya fi ciwo.

Sauran abin da ake mantawa shi ne, kayan kiɗa ba sa zama wuri ɗaya. Ana loda su a mota zuwa taron ƙungiya, biki ko jana'iza, alhali inshorar gobara da ta sata a kan adireshi ɗaya suke tsayawa. Kayan da ke yawo suna bukatar yarjejeniyar da take bin su duk inda suka je. Inshorar sata kuma takan nemi alamar fasa ƙofa ko taga, saboda haka jitar da ta ɓace bayan sujada ƙofa a buɗe tana iya tafiya ke nan. Tsatsa da danshin iskar teku, waɗanda suke cin wayoyi da fatun ganguna a Apapa, ana lissafa su a cikin tsufa, ba a biyan diyyarsu.

Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita take ba kamfanonin inshora lasisi, a wurinta kuma ake tabbatar da sahihancin kamfani ko dillali. Tun daga Janairu 2013 ta tsananta ƙa'idar cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta.