Injin da ke tura kumbo sannu sannu

Mai karatu, ɗora takarda guda bisa tafin hannunka. Ka ji nauyinta? Kusan babu. To, akwai injin kumbo wanda ƙarfin turinsa bai wuce wannan ba.

Injin nan ba ya shan esansi. Hasken rana ke ba shi lantarki, shi kuma ya yi ta feso wata iska mai suna zenon ta baya. Ba ya iya tada kumbo daga ƙasa, wannan aikin roka ne. Amma can sama babu iskar da za ta tare shi. Injin na yin watanni bai tsaya ba, gudu na ta ƙaruwa.

Kumbon Amurka mai suna Dawn ya tashi a 2007 da zenon kilo 425. Sai ya kwana 4 kafin gudunsa ya ƙaru da kilomita 100 a awa. Tsohuwar mota ma ta fi shi zafin nama! Duk da haka ya isa Besta a 2011, ya isa Seres a 2015, wasu manyan duwatsu masu kewaya rana gaba da duniyar Mars.

Ɗaukar mutane kam da sauran aiki. Kumbonsu na da nauyi, guzurinsu kuma ba ya jiran shekaru.