Kujeru Uku Babu Kowa: Darasi A Kan Tarayyar Mota

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar birni da hantsi, sa'ad da ma'aikata ke tafiya wurin aiki, zai lura da wani abu. Yawancin ƙananan motocin da ke wucewa mutum ɗaya ne a ciki, watau mai tuƙi, sauran kujeru kuwa babu kowa. Motar ta tare hanya, ta sha mai, ta busa wa jama'a hayaƙi, duk don a kai mutum guda ofis. In da maƙwabta huɗu za su shiga mota ɗaya su yi karo-karon kuɗin mai, da motoci uku sun zauna a gida. Lissafin ba wuya. Wuyar tana ga halin ɗan Adam, shi ne kuwa abin da za mu duba a darasin nan.

A ƙasar Amurka an fara wannan tarayya sosai a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da roba ta yi wuya, gwamnati kuma ta ƙayyade man da kowa zai saya. Aka sāke komawa gare ta a 1973 da mai ya yi tsada. Ƙidayar 1980 ta nuna wajen ma'aikaci ɗaya cikin biyar yana zuwa aiki cikin motar tarayya, amma kafin 2010 abin ya koma wajen ɗaya cikin goma. Watau matsi ne ya haɗa su, da ya sassauta sai kowa ya koma motarsa. Dalilansu ba ɓoyayyu ba ne: lokacin tashi daga aiki ba ɗaya ba, wani zai biya makaranta ya ɗauki yara, wani yana tsoron baƙo, wani kuwa motarsa ita ce wurin da ya ke samun kaɗaici.

To, ko doka za ta iya tilasta abin da zuciya ba ta so? Birnin Jakarta na ƙasar Indunusiya ya gwada. A 1992 hukuma ta kafa doka, ba mota mai zaman kanta da za ta bi waɗansu manyan tituna, kamar Sudirman da Thamrin, a lokacin cunkoso sai da mutum uku a ciki. Masu motoci da yawa ba su nemi maƙwabtansu ba. Sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Talakawa su kan jeru a bakin hanya suna ɗaga yatsa, mai mota ya ɗauki biyu ya cika uku, in an wuce 'yan sanda ya sallame su da 'yan kuɗi. Ana kiransu joki. Mace mai goyo ita ce abin nema, domin ita da jaririnta mutum biyu a ke lissafa su. Abin ya kai har 'yan sanda suka gano ana ba waɗansu jarirai maganin barci don kada su yi kuka, saboda haka a 2016 Gwamna Basuki Tjahaja Purnama ya soke dokar.

Mutane da yawa sun zaci dokar ba ta da wani amfani tun da ana yi mata wayo. Ashe ba haka ba ne. Waɗansu malamai uku, Rema Hanna da Gabriel Kreindler da Benjamin Olken, sun auna tafiyar motoci kafin sokewa da bayanta, suka buga sakamakon a 2017. Da safe tafiyar kilomita ɗaya ta tashi daga minti 2.1 zuwa 3.1, da yamma kuwa daga 2.8 zuwa 5.3. Cunkoson ma ya bazu har titunan da dokar ba ta taɓa shafa ba. A ganinmu wannan shi ne wurin da ya fi cancantar tunani: dokar da a ke yi wa zamba, duk da haka tana riƙe da motoci masu yawa a gida.

Mutanen kewayen birnin Washinton kuwa wata hanya suka bi, tun cikin shekarun 1970. An keɓe wani sashen titi don motoci masu ɗauke da mutane da yawa, mai bin sa ya kan riga saura isa. Sai ma'aikata suka soma yin layi a wurare sanannu, mai mota ya tsaya ya faɗi inda za shi, waɗanda hanyarsu ta zo ɗaya su shiga. Ba a biyan ko anini, gama kowa ya ci riba: ɗaya ya sami hanya mai sauri, ɗaya an rage masa hanya. Ba hukumar da ta shirya musu wannan, su ne suka kafa wa kansu ladabi. Ba a cin abinci, ba a shan taba, fasinja ba ya soma hira sai mai mota ya soma, ba a kuma barin mace ita kaɗai a layi.

A Jakarta, bayan soke dokar mutum uku, an koma ga tsarin lambar mota, yau masu lamba mara, gobe masu cika, irin wanda Ikko ta gwada a 1977. Birnin ya kuma dogara ga manyan motocin safa na TransJakarta masu hanyarsu ta kansu, waɗanda suka fara aiki a 2004, da jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2019.