Girman Kai da Tawali'u a Bakin Turkawa

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya: shin da waɗanne kalmomi Turkawa ke kiran girman kai da tawali'u, kuma daga ina suka samo su?

Malam, mun gode. Girman kai dai a Turkanci "kibir" ne, aro daga Larabci, tushensu ɗaya da "akbar" da muke ji a kiran salla. Akwai kuma "gurur", wadda a Larabci ruɗi take nufi, amma yau Baturke kan faɗe ta har cikin alheri, idan yana alfahari da ɗansa. Wanda ke hura hanci kuwa sai su ce "burnu havada", wato hancinsa na sama.

Tawali'u shi ne "tevazu", kuma kalma ɗaya ce da tamu. Harafin Larabcin da Bahaushe ya mayar "l" shi Baturke ya mayar "z", shi ya sa lalurarmu ta zama "zaruret" a wajensu.

Amma wadda ta fi burge ni tasu ce ta gado, "alçakgönüllü". "Alçak" ƙasa-ƙasa, "gönül" zuciya: mai saukar da zuciyarsa ke nan. A yi hattara fa, don in aka kira mutum da "alçak" ita kaɗai, zagi ce, ƙasƙantacce. Hukumar harshen Turkanci da aka kafa a 1932 zamanin Mustafa Kemal Atatürk ta yi ta ƙoƙarin maye gurbin kalmomin Larabci da na gida, amma har gobe "kibir" da "tevazu" na nan daram a bakin jama'a.