MOTSA JIKI TARE, GYARA CIMA

Jama'ar Gusau, Tsafe da Bungudu, a saurara!

Hawan jini da ciwon suga ba su sallama. Mutum na harkarsa garau, sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Yawan zama, ƙiba, gishiri da zaƙi na cikin masu jawo su.

To, ga abin yi:

1. Malam, nemi abokai ku riƙa tafiya da sauri bayan sallar asuba, minti 30, kwana 5 a mako. In kasala ta kama ka, su za su tashe ka.

2. Hajiya, tara maƙwabta ku motsa jiki a tsakar gida.

3. Gishiri kada ya kai cokalin shayi 1 a yini. Dunƙulen miya ma gishiri ne.

4. A rage lemon kwalba, kitse da soye-soye. A ƙara zogale, rama, yakuwa da wake.

5. Kafin ka fara, zo a auna jininka. Ƙirji ya yi ciwo? Tsaya, garzayo asibiti.

Mai shan magani kada ya bari.

Rigakafi ya fi magani!

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Zamfara