Cika shekara arba'in a kan keke: Wurno, Rabah da Goronyo

Duk wanda ya ƙudura murnar cika shekara arba'in ko hamsin da doguwar tafiya a keke zuwa gabashin Sakkwato, ya fara da tambayar lafiyar hanya, kuma ya sake tambaya da asubar ranar tafiyar. Wurno da Rabah da Goronyo suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. A watan Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40, kuma a shekarar ne gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankin. Direbobin da ke lodi a tasha su ne suka san halin da hanya ta kwana. In suka ce ka dakata, ka dakata. Kada ka sanar da rana ko hanya a Facebook, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada la'asar ta same ka tsakanin gari da gari.

Duk da haka ina ganin tafiyar ta cancanci a yi ta, in hanya ta ba da dama. Mutum a tsakiyar rayuwa ya saba wuce garuruwa a cikin mota, gilashi a rufe. A kan keke kuwa dole ka gaisa da mai jaki, ka shaƙi ƙamshin albasa daga fadama, ka kuma gane iyakar ƙarfin da ya rage maka. Wannan ya fi kek da kyandir kusa da godiyar da ta dace da shekarun.

Lokacin tafiya shi ne sanyi, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai tuƙa keke rabin wuni a cikinsa. Da damina fadamu na cika, hanyoyin ƙauye su yanke. Sai dai hunturu na da tasa wahalar: iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, can kuma ka nufa. Ke nan za ka yi tafiya kana ture iska, a komowa ta riƙa tura ka. Ka fita da zarar gari ya waye, kafin iskar hantsi ta tashi, ka rufe hanci da rawani ko takunkumi, ka sa kaya masu haske saboda direba ya hango ka cikin hazo.

Kafin ranar, a auna maka jini da suga, domin hawan jini ba ya sallama. Ka yi makonni kana motsa jiki a cikin gari, kana ƙara nisa sannu a hankali. Keken da ƙauye ya sani, irin su Phoenix, ya fi na yayi amfani a nan, saboda kowane mai faci yana da kayansa. Ka kai shi a duba birki da sarƙa, a daidaita sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa ga masu shekarunmu. Ka ɗaura famfo da tif na ajiya da sholisho a kariya. Tsidau da ƙayar aduwa sun cika gefen kwalta, don haka kada ka sauka titi sai dole. Ruwa kuwa lita 3 ko fiye, da dabino, da ƙullin gishiri da sukari.

Daga Sakkwato zuwa Wurno kimanin kilomita 40 ne, tafiyar awa 3 zuwa 4 ga wanda ba ya gaggawa. Achida ce zangon hutu. Ran Laraba kasuwarta ke ci, hanya ta cika da motocin dabbobi, saboda haka mai keke ya fi samun sarari a wata ranar. Ka sha fura da nono, ka sake tambayar labarin gaba. A shingen jami'an tsaro ka sauka daga keke, ka gaisa, katin shaida na hannu.

Wurno ita ce cibiyar tafiyar, kuma in ita kaɗai ka kai, buƙata ta biya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809 kuma ya gaji Shehu a 1817, shi ya kafa ta ribaɗi don tsare daular daga hare-haren Gobirawa. A nan ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837 yana da shekara 56, hubbarensa kuma yana cikin garin. Mai shekara hamsin da ya tsaya a wurin, ya tuna cewa Bello ya yi mulki da yaƙi da rubuta littattafai irin su Infaƙul Maisuri duk a cikin waɗannan shekaru, zai fita da lissafin da babu mai yi masa shi a wurin walima. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya zauna, a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka garin a 1853. Ka shiga hubbare da sutura ta kamala, ka tuɓe takalmi, ka gaida masu kula da wurin, ka nemi izini kafin hoto. Kafin duk wannan, ka sa mai masaukinka ya kai ka gaisuwa ƙofar hakimi. Baƙon da aka san da zuwansa ya fi aminci, musamman yanzu da kowace sabuwar fuska ke sa mutane ɗar-ɗar.

Da azahar ta yi, keke ya huta. In ka taho da kwarashi da zare, nan ne suke da rana. Saƙa ba ta da nauyi, tana sa mutum ya zauna wuri ɗaya jiki ya dawo, kuma tana janyo hira. Ka sayi zaren ulu tun daga Babbar Kasuwar Sakkwato, mai duhun launi saboda ƙura, ka ƙulle shi a leda. Kwarashin a sa shi cikin kwali ko bututu, kada ya huda tif ko ya soki mutum in an faɗi. Sanyi na sa hannu kaushi har ya riƙa kama zare, man kaɗanya na maganin wannan. Kada ka ɗauko babban aiki irin bargo. Hular jariri ko safa ita ce daidai: dunƙulen zare ɗaya ya isa, wanda hannunsa ya saba zai gama kafin la'asar, kuma a cikin hunturu ba gidan da ba ya buƙatarta. Ka miƙa ta ga mai gida ya shigar wa mai jego in akwai. Namiji kada ya ji kunya. A ƙasar Hausa maza ma masaƙa ne, kuma masu surfanin manyan riguna.

Mace kuwa, gaskiya ba a saba ganin babbar mace a kan keke a waɗannan garuruwa ba. In bikin naki ne, Hajiya, ki biyo masu keken a mota da saƙarki, ki zama kece mai ruwa da akwatin magani. A Wurno za ki shiga inda su ba za su shiga ba. Ki ce, "Inna, sannunku da gida," ki fito da kwarashi, 'yan mata za su zagaye ki. Ki tafi da kwarashi da dama ki bar musu, ki koya musu ɗaurin farko. Nana Asma'u ta zauna a wannan gari, kuma koyarwar mata ga mata a cikin gida tsohuwar al'ada ce a nan.

Rabah a ware mata rana dabam, daga Sakkwato, kada a yanka ta daji daga Wurno. Tana bakin Gulbin Sakkwato, nan aka haifi Ahmadu Bello a 1910, ya zama hakiminta a 1934, ya zama Firimiyan Arewa a 1954 yana ɗan shekara 44. Ka tsaya a cikin gari. Gandi da dajin Gundumi ba wurin ziyara ba ne a yanzu.

Goronyo ta fi nisa, sama da kilomita 60, kuma madatsar ruwanta tana can gabas da garin da tazara mai yawa. An kammala ta a 1984 a kan Gulbin Rima, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ita ke shayar da birnin Sakkwato da gonakin rani na shinkafa da alkama da albasa. Abin kallo ne, amma ban shawarci kowa ya je ta a keke ba. In direbobi sun tabbatar da hanya, ka bar keken a Wurno ko Achida, ka shiga motar haya da hantsi, ka nemi izinin ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kafin hawa madatsar, ka juyo kafin azahar ta wuce. In ba su tabbatar ba, ka sayi tafarnuwar Wurno gwargwadon abin da kariya za ta ɗauka, ka kwana a gidan mai masaukinka, washegari ka kama hanyar Sakkwato bayan gari ya waye.