Gotawa da Kwararafa: Darasi a Kan Maƙwabtan Manyan Birane

'Yan'uwana malamai da ɗalibai masu koyon aikin malanta, a cikin darussan tarihin duniya akwai guda ɗaya wanda yara suka fi ƙosawa da shi, watau labarin faɗuwar daular Rum. Sunayen suna da wuyar faɗa, ƙasashen suna da nisa, shekarun kuma sun daɗe. Amma ni a ganina malamin da ke koyarwa a Mutum Biyu, ko wani gari na kwarin Binuwai, ya fi kowa sa'a game da wannan darasi, gama abin kwatance yana nan a ƙofar gidansa. Zan ba da labarin Gotawa tukuna, sa'an nan in jera shi da na Kwararafa, mu ga abin da za mu tsinta.

Su wane ne Gotawa?

Gotawa mutane ne masu harshe dangin Jamusanci. A ƙarni na uku na Miladiyya suna zaune arewa da kogin Danub da Bahar Aswad, inda ƙasashen Romaniya da Yukren suke yanzu. Manoma ne da makiyaya, masu zama a ƙauyuka ƙarƙashin sarakunan yaƙi. Kogin Danub shi ne iyakarsu da Rumawa. Wani lokaci su ƙetaro da hari, har a shekarar 251 suka kashe Sarkin Rum Desiyus a fagen fama. Wani lokaci kuma su ƙetaro da kayan ciniki, ko neman aikin soja. A 332 Sarki Kustantin ya ƙulla amana da su.

A cikinsu aka haifi wani malamin Kirista mai suna Wulfila, wajen shekarar 311. Kakanninsa kamammu ne da Gotawa suka kwaso daga ƙasar da ke cikin Turkiyya ta yanzu. Shi ya ƙago wa harshensu baƙaƙe, ya juya musu Littafi Mai Tsarki. Wani kofe na aikin nan, wanda aka rubuta da ruwan azurfa a ƙarni na shida, yana ajiye har yau a birnin Ufsala na ƙasar Suwidin.

Yadda suka shiga ƙasar Rum

A shekarar 376 wasu mahaya dawaki da ake kira Hunawa suka danno daga gabas. Gotawa masu ɗimbin yawa suka taru a bakin Danub, da mata da yara da amalanke, suka roƙi Sarki Balens ya ba su wurin zama. Ya yarda, domin yana bukatar mayaƙa. To, amma hakiman da aka ɗora wa ciyar da su suka mai da abin kasuwa. Wani tsohon sojan Rum mai suna Amiyanus, wanda ya rubuta tarihin zamanin, ya ce har naman kare aka riƙa ba su, ana karɓar 'ya'yansu bayi a madadinsa. Da wuya ta yi wuya suka ɗauki makamai. Ran 9 ga Agusta 378 aka gwabza kusa da Adiriyanobul, garin da ake kira Edirne a Turkiyya yanzu. Balens ya mutu a wurin, tare da wajen kashi biyu cikin uku na rundunarsa. A 382 aka sake yin sulhu, aka ba su ƙasar noma a kan za su riƙa ba da mayaƙa.

Daga cikin waɗannan ne Alarik ya fito. Ku lura, kafin ya yaƙi Rum sai da ya yi mata yaƙi, gama yana cikin rundunar Sarki Tiyodosiyus a 394. Abin da ya daɗe yana nema shi ne ƙasa, da hatsi, da muƙamin soja. Aka yi ta ja masa rai. Ran 24 ga Agusta 410 ya shiga birnin Rum, mutanensa suka kwana uku suna kwasar ganima. Rabon da baƙi su ci birnin wajen shekara 800 ke nan. Duk da haka ba su taɓa waɗanda suka fake a manyan majami'u na Bitrus da Bulus ba, domin su ma Kiristoci ne.

Abin da ya biyo baya shi ne yara ba su cika ji ba. A 418 aka zaunar da su a kudancin Faransa, Tuluz ta zama babban birninsu. A 451 sarkinsu ya mutu a fagen fama yana taya Rumawa korar Atila Sarkin Hunawa. Wani reshe nasu kuma, ƙarƙashin Tiyodorik, ya ci Italiya a 493. Tiyodorik ya yi sarauta a Rabenna har 526, ya bar wa Rumawa dokokinsu da majalisarsu, ya ɗauki malamansu aikin fada, ya gyara magudanan ruwa. Ba na cewa waliyyi ne. Da hannunsa ya kashe abokin hamayyarsa Odowakar a wurin liyafa, ya kuma sa aka kashe masanin nan Bowetiyus. Amma ɓarnar da ta fi durƙusar da Italiya ta zo ne a yaƙin da Sarki Justiniyan na Rum ta Gabas ya yi don ƙwato ta, daga 535 zuwa 554.

Reshen Faransa ya koma Sifen, ya mai da Toledo babban birni, ya yi mulki har 711, sa'ad da Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetaro daga Afirka ta Arewa ya karya sarkinsu Rodarik. Larabawa suna kiransu Alƙuɗ. Akwai wani malamin Ƙurɗuba, masanin lugga da tarihi, wanda ya rasu a 977, ana ce masa Ibnul Ƙuɗiyya, watau ɗan Bagotiya, domin ya fito daga tsatson wata gimbiyar Gotawa mai suna Sara.

Mu komo gida

To, yanzu mu bar Turai mu komo kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, inda Mutum Biyu take, hedkwatar ƙaramar hukumar Gassol. A cikin wannan ƙaramar hukuma akwai wani ƙauye da har gobe ake kira Kwararafa. Wannan suna kuwa ya taɓa sa mutanen Kano barin gidajensu.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya juya shi Turanci a 1908, ya ambaci Kwararafa tun zamanin Sarki Yaji (1349–1385), wanda ya kai musu yaƙi. A zamanin Kanajeji (1390–1410) sun ba Kano bayi 200 na gandu, daga baya abin ya zama musaya, Sarkin Kano yana aika dawaki, ana aiko masa da bayi. Bayan shekara wajen 200 sai reshe ya juye da mujiya. A zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) Kwararafa suka zo, Kanawa suka gudu Daura. A zamanin Kukuna, wajen 1653, Sarkin Kwararafa Adashu ya zo ya karya wata ƙofar birni. A zamanin Dadi, wajen 1671, suka shiga ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka kashe mutane da yawa, Sarki ya nufi Daura. Sun taɓa Borno ma, amma Mai Ali ɗan Umaru ya kore su, har Ɗan Marina na Katsina ya yi masa waƙar yabo da Larabci.

Masana sun yi saɓani a kan ko Kwararafa daula ɗaya ce mai sarki ɗaya, ko kuwa suna ne da mutanen arewa suka laƙaba wa ƙabilu da yawa na kwarin Gongola da Binuwai da suka haɗa kai. Abin da ya tabbata shi ne Jukunawa, da sarkinsu Aku Uka na Wukari, su ke riƙe da gādon sunan.

Inda suka yi kama

Na farko, duka biyun daga bakin abokan gabarsu muka fi jin labarinsu. Marubutan Rum suna kiran Gotawa barbari, kalmar da asalinta ta Yunananci ce, ma'anarta baubayi, masu magana ba a ji. Kada yara su rikita ta da Barebarin Borno, ba su da wata dangantaka. Mu kuma nan an sa Kwararafa cikin Banza Bakwai. Mai rubuta tarihin Kano sarakunan Kano ne a gabansa. Ya gaya mana ta ƙofar da aka shiga, bai gaya mana abin da ya taso da su tun daga Binuwai ba. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyu, ba baƙi ba ne daga sama. Maƙwabta ne da aka daɗe ana cuɗanya da su. Dawakin da Kanajeji ya riƙa aikawa kudu ciniki ne, amma doki makamin yaƙi ne, kamar yadda Rum ta koya wa Alarik aikin soja. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa kwarin Binuwai neman gishiri da tozali. A Wukari akwai Abakwariga, waɗanda asalinsu Hausawa ne da suka zauna cikin Jukunawa tun zamanin dā. Ku tuna da Wulfila, jikan kamammu, wanda ya zama malamin waɗanda suka kamo kakanninsa.

Na uku, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rum tana fama da yaƙin basasa da hakimai macuta. Kano kuwa a shekarun nan ta gaji da yaƙin Katsina da rigimar fada, har shi Kukuna an taɓa tuɓe shi kafin ya komo gadon sarauta.

Na huɗu, labarin asali. Wajen 551 wani mai jinin Gotawa, Jordanes, ya rubuta tarihinsu da Latinanci, ya ce sun fito daga wani tsibiri can arewa mai nisa. Jukunawa suna da labarin fitowa daga gabas, wajen Yaman, kamar yadda Hausawa suke da na Bayajida daga Bagadaza. Irin waɗannan labarai ba abin jefarwa ba ne, ba kuma abin hadiyewa ɗungurungum ba. Suna nuna mana yadda mutane suke ganin kansu.

Inda suka bambanta

Kada kwatance ya ja mu ya wuce gona da iri. Tsakanin Alarik da Dadi akwai shekara fiye da 1,200. Gotawa 'yan gudun hijira ne masu neman wurin zama, suka zauna, suka ari harshe da dokokin Rumawa, har harshensu ya ɓace. Kwararafa kuwa sukan ci gari su koma gida, ba su kafa sarauta a Kano ba, Kano kuma ta farfaɗo. Daga baya ƙarfinsu ya ragu, a 1817 aka kafa masarautar Muri, ƙasar Gassol ta shiga ƙarƙashinta. Amma Jukunawa suna nan da harshensu da sarautarsu.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ya sa na ce a yi hattara. Malamin da ke koyar da labarin Gotawa ba shi da ɗan Bagote a aji. Mu kuwa a benci guda za ka tarar da ɗan Jukun, da ɗan Fulani, da Bahaushe, da ɗan Tibi, da ɗan Mumuye. In ka tsaya gaban allo ka ce arna sun zo sun ɓata Kano, ka koya wa yaro ɗaya raina ɗan'uwansa, ka sa ɗayan jin kunyar kakanninsa. In kuma ka juya ka mai da shi kirarin mun ci Kano, ka shuka wata fitinar. Jiharmu ta sha rikicin ƙabilanci, ba ta bukatar ƙari daga bakin malami.

Ga yadda nakan bi da darasin. Nakan zana taswira biyu a allo, Danub da Rum a hagu, Binuwai da Kano a dama. Nakan fara da Gotawa, domin yara sun fi yin adalci ga mutanen da ba su sani ba. In sun gane cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, sai in kawo su gida. Daga nan in ba su tambayoyi uku su rubuta a bangon littafinsu:

1. Wa ya rubuta wannan labari, wane sarki kuma yake yi wa aiki?
2. Me ke tsakanin mutanen nan biyu kafin ranar yaƙi?
3. Da ɗaya ɓangaren ne ya rubuta, me zai ƙara?

Tambaya ta uku ba a allo amsarta take ba. Ina roƙon kowane ɗalibi da zai tafi gwajin koyarwa a wannan yanki ya ɗauki littafi da alƙalami, ya nemi tsofaffin garin, ya gaishe su da ladabi, ya rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, da sunan garin da ranar da aka gaya masa. Gotawa sun shuɗe ba a tambayi talakansu kome ba. Namu tsofaffin suna nan zaune a gindin itace, amma ba za su dawwama ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar yaran da aka danƙa mana, amin.